Ƙafafun Motar Tsoho Dlodlo

Ranar Juma'a da hantsi aka kawo ƙara caji ofis ɗin garin Gwanda, wai an sace ƙafafun motar mamaci. Sufeto Sithabile Mlotshwa ta dire kofin shayinta ta ja tsaki. Ta kama ɓarayin shanu, ta kama ɓarayin waya, amma mai sata a gidan makoki, a wurinta ko kare ya fi shi daraja.

Duk garin an san motar Tsoho Dlodlo. Babbar mota ce tun ta zamanin da ake murɗa ƙarfe a gaba kafin inji ya tashi, da ita ya yi jigilar masara har ya tsufa. Wasiyyarsa ɗaya ce tak: ita za ta kai shi kabari. Ga shi gobe ne jana'iza.

Sufeto da Kofur Tshuma suka tarar da motar a rumfar bayan gida, gindinta ɗore a kan bulo. Aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun, babu shi. Sifirin babu, tayoyi babu.

Matar mamacin, Gogo MaNyathi, tana zaune a kan tabarma cikin baƙaƙen kaya.

"Yaushe rabonki da ganinta a tsaye, Gogo?"

"Shekaranjiya, 'yata, kafin mu tafi Bulawayo wajen gawar. Duka muka tafi, sai Velaphi, mijin 'yata, muka bari yana harkar itace da yanka."

Haka al'ada take, surukai ne ke aikin ƙarfi a gidan mutuwa.

Sai ga ɗan mamacin, Bekithemba, wanda ya zo daga Joni, babban birnin nan na ƙetaren iyaka, sanye da kwat, yana kaɗa makullin mota, ƙamshin turarensa har hawa kai yake.

"Sufeto, kada ki wahalar da kanki. Na riga na ɗauko motar gawa ta zamani. Wa zai ɗora ubansa a kan wannan gwangwanin?"

"Uban ne ya ce a ɗora shi. Kai ka fi shi sanin inda zai kwanta?"

Sufeto ta ba shi baya ta durƙusa ƙarƙashin motar. Ba a yanke komai ba, ba a fasa komai ba. Noti ɗaya ɗaya aka kwance, har da maratayan sifirin aka kwashe.

"'Yan gwangwan ne, ranki ya daɗe," in ji Kofur.

"'Yan gwangwan da ladabi haka? Su da zarto suke zuwa. Wannan ya san darajar abin da ya ɗauka, kuma bai ji tsoron a same shi a rumfar ba."

A ƙofar rumfar akwai sawun amalanke. Na shiga sumul yake. Na fita kuwa tayoyin sun yi ta jan ƙasa, kofatan jakai sun nutse kamar masu hawan tudu.

Daga nan suka nufi wurin Siziba, mai haɗa amalanken jakai da tsofaffin aksil. Yana ganinsu ya hau rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Ni ko hanyar gidan ban bi ba, Mama Sufeto!"

"Wa ya ce ka bi? Ina jak ɗinka?"

"Ya... ya lalace."

"Ya lalace har ya tashi sama? Ga shaidar mazauninsa nan a ƙasa."

Siziba ya sosa ƙeya. "Aro aka yi. Velaphi ne, wai zai gyara amalankensa saboda ɗaukar itace."

"Akwai wanda ya zo cigiyar tsohon aksil kwanan nan?"

"Wani dillali daga birni, mai saya wa masu tara tsofaffin motoci. Ya ce irin na Dlodlo yake so, mai kabewar tsakiya da baki a sama. Na ce masa ni ba ɓarawo ba ne."

"Amma maƙaryaci ne. Zauna nan, kada ka motsa."

Sun dawo gidan makokin mata na tuƙa tuwon masara, wasu na rera waƙoƙin coci. Can sai ga amalanke tafe da itace. Hanya shimfiɗaɗɗiya, kayan ma ba su kai su kawo ba, amma jakai huɗu sun jiƙe sharkaf, suna tafiya kamar za su kife. Velaphi na ta zabga musu bulala.

Yana hango kaki ya diro, ya cire hula, ya rusuna har ƙasa yana tafa hannu. Kai, mutumin nan ya iya ladabi! Tun safe ake yabonsa, wai samun suruki irinsa sai an tona. Sufeto ta dube shi sama da ƙasa, ta ji ranta ya ƙi shi.

"Sannu da aiki, suruki. Jakanka ba su da lafiya ne?"

"Tsufa ne, ranki ya daɗe."

"Su huɗun rana ɗaya suka tsufa?"

Ta leƙa ƙarƙashin amalanken. An shafe aksil ɗin da taɓo da kashin shanu, amma taɓo ba ya sauya siffa. Ga tulluwar tsakiya da makanikai ke kira kabewa, bakin da farfela ke shiga kuwa a samanta yake, ba a tsakiya ba kamar na motocin yanzu. Ga sifirin mai ganye rututu, wanda zai ɗauki buhunan masara, ba 'yan ƙiraren girki ba.

"Wannan fa?"

"Nawa ne tun tuni. A gwanjo na saya, kowa ya sani."

"To madalla. Kofur, ɗaga min amalanken nan."

Jak ɗin Siziba na nan cikin itacen. Da aka ɗaga, ta kama taya ɗaya ta juya. Ɗaya tayar ta juya baya, alamar haƙoran cikin kabewar suna nan.

"A gidan mai amalanke na girma, Velaphi. Duk wanda zai sa aksil irin wannan a amalanke sai ya fara kwashe haƙoran cikin kabewar, in ba haka ba jakai ba za su iya janta ba. Kai ka bar su, don dillalinka ba ya sayen fanko. Ka ɓoye kayan sata a idon jama'a, kana jira a watse ka kora su birni. Jakan nan ne suka kawo ƙararka."

"Irinsa da yawa a duniya!"

"Bari na gani." Gogo MaNyathi ce ta taso, tana dogara sanda. Ta durƙusa da ƙyar, ta kankare taɓon da farcenta, ta shafa ganyen sifirin har ta tsaya a kan na uku. Ya fi sauran faɗi, duk jikinsa sawun guduma.

"Wannan ya karye ranar da aka ɗauko ni amarya, a mashigin kogin Tuli. Maƙeri ya buga mana wani da bakin garma, ina zaune a gindin bishiya da kayan aurena ina jira." Ta ɗago ta dubi surukin nata. "Da hannuna nake zuba maka abinci, Velaphi."

Waƙar cocin ta tsaya cak. Velaphi ya zube a ƙasa.

"Mama, ki yafe ni. Na ji Bekithemba ya ce ba za a yi amfani da motar ba. Na ce tunda ruɓewa za ta yi... Baba ai ya riga ya tafi, ba zai sani ba."

"Shi ba zai sani ba," in ji Sufeto. "Ita Gogo fa?"

Matar Velaphi ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki. Kofur ya zaro ankwa.

"Dakata," in ji Sufeto. "Shi ya san inda kowane noti ya fito. Miƙa masa sifana."

A gaban surukansa da 'yan coci da yaran unguwa Velaphi ya kwanta rigingine yana mayar da abin da ya kwance. Aksil ɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ba kuma wanda ya matsa ya taya shi. Can sai Bekithemba ya tuɓe kwat ɗinsa ya yar a kan bulo, ya shiga ƙarƙashin motar da farar rigarsa. Bai dubi kowa ba.

Da aka ɗaure noti na ƙarshe, aka sauke motar a kan ƙafafunta, Kofur ya danna wa Velaphi ankwa a hannayensa masu baƙin mai. Suna wucewa Velaphi ya waiwayo.

"Mama, ko a bar ni na ga an binne shi?"

Gogo ba ta ko kalle shi ba. Ta miƙa wa ɗanta ƙarfen tayar da inji.

"Je ka murɗa, Bekithemba. Ubanka ba ya son jira."