Gawar da Dakta Zai Feɗe

Dakta ya ce duk duniya babu wanda ya san jijiyoyin jinin hanjin ofosum kamarsa, ko ido rufe zai nuna inda kowace ta ratsa. Ranar da mai zane ta fara aiki a ɗakin bincikensa ya faɗa mata. Ta ce to.

Ofosum wata dabba ce mai kama da gafiya. In an feɗe mushenta, sai a ɗura jan ruwa a babbar jijiya ya bi rassan hanji, ita kuma ta zana. Mai ɗurawar ɗalibin Dakta ne, Dogo, farcensa kullum ja. Ta ɗago, ya ɗago, suka haɗa ido. Shi ke nan.

"'Yar zanena, kin ci abinci?" in ji saƙonsa.

"Tun safe hanji nake kallo, Dogona. Bar maganar."

Da maganar aure ta taso, babanta bai so ba. "Yaron da hannunsa kamar ya yi yanka?" Da ƙyar ya ce in Dogo ya gama karatu an ba shi, in an kore shi kada ya ƙara taka ƙofar gidan. A satin Dakta ya fara zuwa gaida Baba, yana satar kallonta.

Ofosum mai rai guda ɗaya suke da ita, Dogo ke kiwonta. Wata safiya Dakta ya shigo ya bubbuga kejin, sai ga ta kwance a sandare, harshe waje, tana wari.

"Ka kashe ta, Dogo. Jijiyar hanjinta za ta tona maka asiri, yau za ka bar nan."

Dakta har kiran Baba ya yi ya zo ya shaida. Mai zane ta damƙe fensir. Dogo bai ɗago ba. Dakta ya kai wuƙa bakin cikin.

Gawar ta buɗe ido, ta yi atishawa, ta diro ƙasa. Ashe in ta tsorata haka take yi.

Baba ya daɗe yana kallon Dakta, sannan ya juya. "Dogo, turo manyanka. Allah ya yi muku albarka."

Ranar ɗaurin aure Dakta yana faɗa wa jama'a dama ya san da ranta, gwada yaron ya yi.

Amarya ta gyara mayafi. "Ranka ya daɗe, har yanzu sawun takalminka na kan teburin da ka haye."