Shafin Ƙarya da Sunan Taata

Shagon gyaran kwamfuta na biyar ke nan da Namakula ta shiga a ranar, kuma ta riga ta ƙudurta cewa daga shi sai tasha. Tun safe ake yayyafi a unguwar Wandegeya ta birnin Kampala. Takalminta ya jiƙe, bakinta ya gaji da maimaita magana ɗaya.

Saurayin da ke cikin shagon bai ɗago ba sai da ya gama rufe bayan wata kwamfuta. Dogo ne, baƙi, idanunsa sun yi ja irin na mai yawan kallon sikirin. Da ya ɗago, sai ya daɗe yana dubanta kafin ya tura mata kujera da ƙafa.

"Zauna tukuna, 'yar'uwa. Kin yi kama da wadda ta tako daga Jinja."

"Daga Mukono nake," ta ce. "Kuma ba gyara na kawo ba."

Ta ba shi labari ba tare da ta sa rai ba. Mahaifinta, Mzee Ssebuliba, wanda take kira Taata, shekara talatin yana renon dashen gahawa yana sayar wa manoma. Wata uku da suka wuce wani ya buɗe shafin intanet da sunansa da hotonsa, amma da wata lambar waya daban. Manoma su biya, su zauna jiran motar da ba za ta zo ba, daga baya su taso har ƙofar gidansu.

"Jiya wani dattijo daga Masaka ya zauna a bakin ƙofarmu yana share hawaye. Taata ya daina zuwa coci. Duk wanda na je wurinsa sai ya tura ni gaba."

Saurayin ya karɓi wayarta ya duba shafin.

"Shafi kamar ɗan haya yake," ya ce. "Dole akwai mai gidan da ya ba shi ɗaki, wato kamfanin da ke ajiye shi a na'urarsa. In muka gano mai gidan, shi zai fitar masa da kaya waje."

Ya yi 'yan danne-danne, ya ja tsaki a hankali. An ɓoye sunan wanda ya buɗe shafin, kuma wani kamfanin ƙasar waje ya tsaya a gaba kamar labule, ba a ganin na bayansa.

"Zai ɗauki lokaci. Sunana Komakech. Ranakun aiki ina wani kamfanin intanet a cikin gari, Asabar ce kawai nake nan. Kin ci abinci?"

Ba ta ci ba. Ya leƙa waje ya sayo gurasar capati da ƙwai da shayi mai citta. A karon farko cikin wata uku, wani ya ce mata "mu" a kan wannan magana, kuma wannan 'yar kalmar ce ta raka ta har gida.

Daga nan Asabar ta zama tasu. Suka rubuta wa kamfanin labulen wasiƙa, na'ura ta amsa musu da godiya. Suka sake rubutawa, ta sake godewa. Wani lokaci sai su zauna, shi ya jingina kai da bango, ita ta cire takalmi, babu mai son tashi.

A cikin motar komawa saƙonsa kan same ta.

"Maku, kin isa? Na ga yadda kike jan ƙafa. Ki jiƙa su a ruwan ɗumi, shafin ba zai gudu ba."

"Ai matsalar ke nan, ba zai gudu ba. Kai ma ka huta da idanun nan, Koma."

"In na rufe su ke nake gani. Hutun ya fi daɗi haka."

Ta kife wayar a cinya tana murmushi, matar da ke kusa da ita da kaji biyu a kwando tana harararta.

Ranar da ta ambaci sunansa a gida, Mzee Ssebuliba ya ajiye cokalinsa a kan matooke, tuwon ayabar da yake ci.

"Masu kwamfuta ne suka zubar mini da suna, yanzu ki kawo mini ɗaya cikin gida? Kuma daga Gulu, can arewa. Wa muka sani a danginsa? Ga Kigongo nan, tun yana rarrafe na san shi."

Kigongo ɗan abokin mahaifinta ne, yana da shagon taki a Mukono da mota fara da yake wankewa kullum. Ba mugu ba ne. Mutum ne dai da ba ya jin magana sai tasa.

"Taata, taimakonmu yake yi."

"Wata biyu yana taimako, shafin yana nan."

Namakula ta tashi. Ta kwashe kwanuka.

Asabar ta gaba Komakech ya zo da dabara. Suka shiga shafin ƙaryar kamar manoma, suka cike fom na neman dashe.

"Idan shafin ya aiko da amsa, wasiƙar ba ta labule za ta biyo ba," ya ce. "Lambar ainihin na'urar tana manne a jikinta. Wane suna za mu sa?"

"Ka sa miji da mata. Sun fi kama da masu gaskiya."

Ya juyo ya dube ta.

"Gona nawa muke da ita?"

"Eka biyu, da akuya ɗaya mai taurin kai."

"Ni ke nan akuyar?"

Suka yi dariyar da rabonsu da ita an daɗe. Da ya raka ta bakin titi, ya riƙe hannunta har motar ta cika.

Bayan wannan ranar sai saƙonninsa suka gajarce. "Ina aiki, Maku." "Zan kira ki." Asabar ta zo, ya ce kada ta wahalar da kanta, ba zai buɗe shago ba. Ta tambaye shi ko amsar ta zo, ya ce yana dubawa.

A rana ta tara Kigongo ya faka motarsa a ƙofar lambun dashen Mzee da takardu biyu a hannu. Ya sa wani masani ya bincika, don ya burge Mzee. Takarda ta farko tana ɗauke da sunan kamfanin da ya ba shafin masauki, kuma a nan Kampala yake. Ta biyu hoton ma'aikatan kamfanin ne. Ga Komakech a layin baya, ya fi kowa tsawo.

"Kin gani ko?" in ji Kigongo. "Wanda kike kai wa kuka, a ɗakinsa ɓarawon yake kwana."

Mzee ya juyo. Ya dubi 'yarsa sau ɗaya, ya koma cikin rumfar dashe. Namakula ta zagaya bayan tankin ruwa ta rubuta wa Komakech saƙo.

"Ka san kamfanin da ke ɗauke da shafin?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Kwana tara. Ki bar ni in yi miki bayani ido da ido."

"Na gaji, Komakech. Da kai da su duka."

Ta toshe lambarsa. Ba ta yi kuka ba, kukan ma ƙarfi yake so. Ta koma cika ledojin dashe da ƙasa tun safe har yamma, bayanta yana ciwo, ta gwammace hakan da tunani.

Mako biyu bayan haka shafin ya ɓace. Ta shiga sau uku, babu komai sai farin fili. Kigongo ya zagaye garin yana cewa takardarsa ce ta yi aiki. Mzee ya goge takalminsa ranar Lahadi ya tafi coci. Namakula ta yi zaton za ta ji daɗi, sai ta ji kamar an sauke mata kaya an bar ta a tsakiyar hanya.

Gwaggonta ce ta ƙi yarda. Ƙanwar Mzee ce, kowa Ssenga yake kiranta, kuma a gidansu babu auren da ke ɗauruwa ba ta bakinta ba.

"Ɓarawo ba ya amsa 'na sani' da sauri haka," ta ce. "Sa mayafinki. Ina da gwiwa ɗaya mai kyau, za ta kai mu Wandegeya."

Ranar Laraba ce, amma suka tarar da shagon a buɗe. Komakech ya rame, gemu ya fito masa. Ya miƙe da sauri ya ba Ssenga kujera, ya tsaya kamar ɗan makaranta.

"Ɗana, me kake yi a nan ranar aiki?"

"Nan ne aikin yanzu, Mama."

Ya faɗa musu a hankali, idonsa a ƙasa. Da amsar shafin ta zo, bai ma buƙaci bincike ba, lambar na'urar a kansa take, kullum da ita yake aiki. Shafuka dubbai ne a cikinta, bai taɓa sanin wannan yana ciki ba. Ya je wurin manaja, manaja ya ce mai shafin tsohon abokin ciniki ne, a bar maganar. Ya koma sau huɗu. A ƙarshe ya rubuta wa hukumar da ke sa ido kan kamfanonin, ya sa sunansa da hannunsa a matsayin shaida. Ranar da aka rufe shafin aka miƙa bayanan mai shi ga 'yan sanda, a ranar kuma aka karɓe wa Komakech katinsa na shiga ofis.

"Me ya hana ka faɗa mini?" Namakula ta tambaya.

"Kunya. Wata biyu ina kallon kina jan ƙafa daga Mukono, abin kuma yana bayan bangon da nake jingina a ofis. Na so in zo miki da labarin an gama. Kuskure na yi, Maku."

"Babba ma kuwa."

"Babba."

Ssenga ta dube shi, ta dube ta, ta tashi da ƙyar.

"Zan je in ga ko ana sayar da man zafi a layin nan. Zan daɗe."

Da ta fita, Namakula ta zauna a kujerar.

"Ka ci abinci?" ta ce.

Ya girgiza kai, yana dariya yana share ido da bayan hannu.

Mzee Ssebuliba bai sauko da wuri ba. Da Ssenga ta gama ba shi labari, cewa ya yi, "To, yanzu ga shi ba aiki." Ssenga ta ce lambu yana neman hannu. Wata huɗu Komakech yana hawa mota zuwa Mukono sau uku a mako, yana ɗaukar ƙasa a baro, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe ya warke. Mzee yana wucewa ta gefensa kamar bai gan shi ba. Kigongo ya zo sau biyu, ya ga yadda Namakula ke kai wa mai baron ruwa, bai sake dawowa ba.

Wata safiya Mzee ya tsaya a kansa.

"Ba haka ake danna ƙasa ba, za ka shaƙe saiwar. Matsa in nuna maka." Ya tsuguna ya nuna masa. Bai ɗago ba ya ƙara da cewa, "Ka ce wa manyanka su zo su ga Ssenga."

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Sarauniyata, yau mahaifinki ya yi mini faɗa. Ban taɓa jin daɗin faɗa haka ba."

"Ka saba, ango. Gadonsa na yi."

Ranar kwanjula, ranar da amarya ke gabatar da mijinta ga danginta, mutanen Gulu suka iso da ƙurar doguwar tafiya a jikinsu. Namakula ta fito cikin doguwar rigar gomesi ruwan zuma, ta durƙusa har gwiwoyinta suka mutu. Da ta maƙala wa Komakech fure a gaban rigarsa, ya raɗa mata, "Kin gaji?"

"Sosai. Amma irin wannan gajiyar ina so."

Can Mzee ya miƙe, abin da uban amarya bai saba yi ba. Ya ciro 'yar takarda daga aljihu, ya sa tabarau, ya juya wajen mahaifiyar ango. Kalma ɗaya ce a takardar, ta godiya da harshensu na Acholi, ya yi mako yana koyonta.

"Apwoyo," ya ce. "Kin haifi mutum."

Tsohuwar ta rufe fuska da mayafi. Mzee ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kafaɗar surukinsa.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku gida mai sanyi da 'ya'ya masu gaskiya. Ku je ku huta."

Taron duka ya amsa da amin.