Ruwan Duwatsun Bobboyi

Yelwa na durƙushe gaban mijinta da moɗar ruwa, kamar yadda ta saba duk la'asar in ya dawo daga ofishin En'e, sai Gogo Kaltume ta fito daga ɗaki ta kaɓe moɗar. Ruwan ya malale a tsakar gida. Hamajoɗa ya dubi matarsa, sannan ya sunkuyar da kai. Gogo ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta raine shi a Yola yana maraya, kuma a danginsu ba a taɓa jin ɗa ya tambayi gogonsa dalili ba.

"Daga yau ba ka shan ruwa a hannun yarinyar nan, ɓingel am, ɗana. Dutse ya yi magana."

Ashe da safe Gogo ta je unguwar Rumde, wurin Bobboyi mai duba da duwatsu. A bakin Binuwai yake shimfiɗa tabarmarsa, da ƙwarya cike da fararen duwatsu masu ɗaukar ido da tsakuwa baƙa da ja. Kowane mutum sai ya ware masa dutse guda, ya watsa su kan yashi. Dutsen Yelwa baƙi ne, wai ya faɗa kan farin na Hamajoɗa ya tsaga shi. Bobboyi ya ce kafin damina ta ɗauke, ruwan hannun matar nan zai kai mijin kabari. Magani kuwa, a ɗebo ruwan kogi a daidai inda ya nuna, a jiƙa duwatsun a ciki, shi kaɗai zai riƙa sha, kuma kada wuta ta taɓa shi don wuta na kashe ƙarfin dutse. Dama Bobboyi bai taɓa duba wa kowa ya ga alheri ba, tunda wanda aka ce masa lafiya lau ba ya komowa.

Shekarar kuwa ba ta wasa ba ce. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba sai amai da gudawa ta shigo Jimeta, har mutanen unguwar Gwadabawa suka daina tambayar makarar wa ta wuce. Maƙwabciyarsu Edith, nas ce, ta bi gida-gida tana roƙon mata su riƙa tafasa ruwan sha. Yelwa ta ɗauki maganar. Gogo kuma da ta ga tukunya kan murhu babu tsaki babu gari, sai ta ce ga shaida nan, wani abu ake dafa wa ɗanta.

Yelwa ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Matar da aka hana ba mijinta ruwa, ai saura kaɗan a miƙa mata kayanta. Gardama da suruka kuwa ba tarbiyyarta ba ce. Ranar nan Hamajoɗa ya tsaya bakin madafa kamar mai neman ashana, ya yi ƙasa da murya.

"Ki yi haƙuri damina ta wuce. Wallahi ruwan nan ba ya kashe mini ƙishi."

"To kada ka sha, Malam."

"Ita ta goya ni, Yelwa."

Duk da haka kowace la'asar sai ta cika moɗar ta ajiye bakin ƙofarsa. In magariba ta yi, ta ɗauka ta zuba wa gindin lemo. Lemon ya yi ta toho, mijin yana ta ramewa.

Wata safiya Hamajoɗa ya kasa saka takalminsa. Kafin hantsi idanunsa sun faɗa, fatar hannunsa in an ja ba ta komawa. Gogo ta tallafe kansa tana ɗura masa ruwan duwatsu, tana cewa maganar Bobboyi ce ta tabbata, Yelwa ta tattara ƙwaryarta ta bar gidan tun ba a yi gawa ba. Tsoro ya kama Yelwa, amma ba na saki ba. A karon farko tun aurenta ta juya wa Gogo baya ana mata magana, ta fita ko mayafi babu.

Ta dawo da Edith, Edith ta leƙa gorar ruwan duwatsun, ta tambayi inda ake ɗebowa. Da aka faɗa mata sai ta dafe kai, don a saman wurin ne ake wanke tabarmin majinyata, sannan ta juya ga Gogo.

"Mama, wane ruwa kike sha a gidan nan?"

"Na randa."

"Wa ke cika randa?"

Gogo ta dubi Yelwa. Wata da watanni tafasasshen ruwan Yelwa take sha, ko ciwon kai bai taɓa kama ta ba.

Aka kai shi asibiti a bayan wata a-kori-kura, aka yi ta ƙara masa ruwa. Gogo ba ta haƙura ba, ta nufi Rumde don a sake watsa duwatsu a gani ko zai tashi. Ta tarar an naɗe tabarma. Masunta suka ce cutar ta ɗauke Bobboyi, shekaranjiya aka kai shi. Duwatsun kuwa ga su can a yashi, 'yan mata na 'yar carafke da su. Ta daɗe tsaye tana kallon baƙin dutsen yana tashi sama yana faɗowa a tafin wata yarinya.

Da ta koma asibiti, Hamajoɗa ya buɗe ido, ruwa yake nema. Yelwa na riƙe da moɗa, amma ganin Gogo sai ta ja baya. Tsohuwar ta kama hannunta, ta kai shi bakin ɗanta.

"Ba shi ya sha. In ya rage, ki ba ni."

Hamajoɗa ya warke, Gogo kuma ba ta ƙara ambaton Rumde ba har ta koma ga Allah. Dutsen da bai san ranar mai shi ba, ba zai san ta wani ba. Gobe a hannun Allah take, kuma wanda ya bar tsoron gobe ya raba shi da mai ƙaunarsa, da hannunsa yake jawo abin da yake gudu. Yelwa dai haƙurinta ya riƙe mata aurenta, ya kuma riƙe mata ran mijinta.