Sai an Ga Ƙafarsa

Daga dubiyar Gwaggo muke dawowa, ni da autanmu, shi ke tuƙi. Rana ta yi ja muka iso gefen wani babban tafki, kawai ya taka birki har goshina ya daki gilashi.

"Yaya, kin gan shi?"

Me zan gani? Wani farin tsuntsu ne mai tokar baya, tsaye cikin ruwa. Autan nan namu ƙato da gemu, sa'anninsa na can suna neman na kansu, shi kuwa ba shi da aiki sai leƙen tsuntsaye da madubin hangen nesa. Da kamawa yake a yanka ma da sauƙi, ko romo a sha. A'a, kallo kawai. Aikin banza, harara a duhu!

"Tsuntsun teku ne," ya ce. "Iri biyu ne masu kama da juna. Ɗaya ko'ina akwai shi, ɗayan da wuya a gan shi a nan. Da ƙafa ake rarrabe su. In rawaya ce, to shi ne."

"Sannu, sarkin tsuntsaye. Magariba dai ta kawo kai."

Ko a jikinsa. Ruwa ya rufe ƙafafun tsuntsun, wai sai ya matsa ya gani. Ya miƙa mini madubin, ya naɗe wando, ya shiga ruwan da waya a hannu don ya ɗauki hoto.

Ya yi taku, tsuntsun ya ja baya. Ya ƙara, ya ƙara ja. Na yi tsaki, na ɗora madubin a ido don in ga abin da ke mai da ɗan mutane sakarai.

Kwaɗi suka yi tsit. Wani ƙarni ya taso, irin na kifin da ya kwana a rana.

Ruwa ya kai wa Auta ƙugu. Ya kai ƙirji. Tsuntsun kuwa ba iyo yake ba. Igiyar ruwa na wucewa, ko motsa shi ba ta yi. Taku yake yi, ɗaya bayan ɗaya.

Wane tsuntsu ne ke da ƙafa tsawon mutum?

"Auta," na ce. "Auta, fito."

Sai abin ya ɗago ƙafa.

Ba rawaya ba ce. Baƙa ce, doguwa, da yatsu biyar da kaushi a diddige.

Ya ɗora ta a kafaɗar ƙanena. Ya danna.

Auta ya nutse, ko ihu babu.

Ban san sa'ad da na faɗa ruwan ba, bakina cike da a'uzu. Na lalubo wuyan rigarsa. Ina ja, ana ja. Wani abu mai sanyi ya shafi ƙwaurina. Na ƙwala kabbara, na fizga da iya ƙarfina, muka zube a laka. Ban waiga ba, na tura shi cikin mota, ni na ja ta har gida.

Rai dai ya yi saura. Yana ci, yana sha, yana shiga mutane. Amma da rana ta yi ja sai ya fita tsakar gida ya tsaya da ƙafa ɗaya, ido a kafe, har a idar da salla. Matarsa ta gaji da kuka, an yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru.

Jiya na ga wata 'yar tsuntsuwa a kan katanga, na kamo hannunsa na nuna masa.

"Auta, don Allah, wannan ya sunanta?"

Bai kalle ta ba. Ƙafafuna yake kallo.