Walƙiya da 'Yan Aji Biyu

A duk makarantar babu yarinyar da ta kai ta iya ƙwallo. Saboda gudunta ake kiranta Walƙiya. Tana aji shida.

Ran Litinin Malamar wasanni ta kira ta.

"Wannan makon zan shirya manya don gasa," in ji Malama. "Ke ki kula mini da 'yan aji biyu. Ungo usur."

Walƙiya ta rataya usur a wuya, bakinta har kunne.

Yara goma sha biyu suka zo fili, har da ƙaninta. Ta jera su layi ɗaya cikin rana. Ta ciro ƙwallo ɗaya, ta bar sauran a buhu. Ta yi ta bayani tana buga ƙwallon ita kaɗai har yara suka fara hamma. Sannan ta ce su zo ɗaya bayan ɗaya su buga.

Wata 'yar ƙarama da ake kira Kumatu ta kai wa ƙwallo shuri. Ta kuskure, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ke, wannan ƙafa ce ko muciya?" in ji Walƙiya.

Yara suka kwashe da dariya. Kumatu ta koma ƙarshen layi tana share hawaye.

Washegari Walƙiya ta busa usur. Ƙaninta kaɗai ya fito.

"Ina sauran?"

"Yaya, sun ce kansu na ciwo."

"Dukansu?"

"Ni ma nawa yana ciwo. Tsoron ki kai ƙarata wurin Mama ne ya kawo ni."

Walƙiya ta zauna a kan buhun ƙwallo. A nan Malama ta same ta. Walƙiya ta faɗa mata komai, ba ta ɓoye maganar muciya ba.

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Jiya sau nawa kowane yaro ya taɓa ƙwallo?"

Walƙiya ta yi tunani. "Sau biyu, Malama."

"Ke fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban ƙirga ba."

"'Yata, yaro da ƙafarsa yake koyon ƙwallo, ba da kunne ba. Ki rage magana. Ki koya musu abu ɗaya a rana. Wanda ya yi kuskure, fara faɗa masa abin da ya yi daidai, sannan ki gyara masa."

Walƙiya ta tafi aji biyu da kanta. Ta durƙusa kusa da bencin Kumatu.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata. Maganar da na faɗa miki ba ta da kyau. Za ki dawo gobe?"

Kumatu ta dube ta. "Ba za a yi mini dariya ba?"

"Ba wanda zai yi."

Ran Laraba duk suka zo. Walƙiya ta zazzage buhu. Ta raba su uku-uku, kowane rukuni da ƙwallonsa. Aikin ranar ɗaya ne, miƙa ƙwallo da cikin ƙafa.

Kumatu ta buga, ƙwallo ta tafi a karkace.

"Yauwa, kin saka ƙarfi," in ji Walƙiya. "Yanzu dubi ƙwallon kafin ki buga."

Ta sake bugawa. Ƙwallo ta tafi sak wurin ƙanin Walƙiya. Kumatu ta yi tsalle, ta rungume wadda ke kusa da ita, suka faɗi tare suna dariya.

Ran Juma'a aka kaɗa ƙararrawar tashi, amma yara suka ƙi barin fili.

"Yaya Koci, a ƙara mana minti biyar," suka yi ta roƙo.

Malama ta tsaya a bakin fili tana murmushi. "To, Koci, me kika koya?"

Walƙiya ta ce, "Iya wasa daban, iya koyarwa daban. Mai koyarwa sai da haƙuri da magana mai daɗi, kuma ya bar kowa ya buga."

"Haka ne," in ji Malama. "Ƙara musu minti biyar ɗin."