Rubutun Bahago a Jikin Gilashi

Gefen hannunsa na hagu ta fara lura da shi, ya yi baƙi da tawadar maka, alƙalamin rubutu a allo, tun daga ƙaramin yatsa har wuyan hannu. Sai daga baya ta kalli fuskar.

Tana zaune ne a ɗakin gilashi, ɗan ɗakin da sashensu ya yanka a jikin ɗakin gwaji saboda ɗalibai masu ciki da masu goyo. Warin sinadarai ba ya yi wa jariri kyau, gidan renon jami'a kuma ba ya karɓar yaro sai ya fara rarrafe. Shi ne aka sa kujera da fanka da ɗan gadon jarirai, da sifikar da za ta riƙa kawo muryar malami. Sifikar ta mutu tun kafin ta zo. A wannan zangon ita kaɗai ce a ciki, sai ɗanta, wanda 'yan aji suka laƙaba wa Farfesa don ba ya fashin lakca.

Mahaifinsa bai gan shi ba, ya rasu tun cikin yana ƙarami. Iyayenta kuma suna can nesa. Daga ɗakinta na rukunin masu iyali zuwa ɗakin gilashi, daga nan ta koma, iyakarta ke nan. Takan ga bakunan 'yan aji suna motsi, suna dariyar da ba ta san dalilinta ba. Wani ya ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗaga, shi ke nan.

Ranar nan mai hannun tawada ya matso jikin gilashin, ya ɗaga mata kwalbar gwaji, ya yi rubutu. Ta karkata kai, ta kasa karantawa, don daga ɓangarenta komai a juye yake. Ya kalli rubutun, ya dafe goshi, ya goge da hannun farar rigarsa. Ya sake farawa daga dama zuwa hagu, yana juya kowane harafi, harshe a waje kamar ɗan firamare.

"Nan launi ya canza. Ki rubuta."

A ƙasa ya ƙara: "A gaida Farfesa."

Ta yi dariya, har ta tsorata da jin muryarta a ɗakin.

Bahago ake ce masa. Daga ranar ya mayar da teburin jikin gilashi nasa, duk abin da malami ya faɗa sai ya juya mata shi. In an tashi, ya tsaya a bakin ƙofa ya karɓi jakar kayan yaro.

"Maman Farfesa, yaya rubutun yau?"

"Kamar kaza ta taka tawada," ta ce, idonta a ƙasa.

"Kazar na ƙoƙari, ranki ya daɗe. A madubi take koyo kullum, har 'yan ɗakinmu sun fara shawarar kai ni asibiti."

Farfesa ya damƙi yatsansa ya kai baki. Ta yi saurin janyewa, amma sai da tawadar ta ɗan taɓa masa haɓa. Ko da ta koma ɗaki ta daɗe tana kallon wurin kafin ta goge.

Saƙonni suka biyo baya.

"Ta-gilashi, kin lalata ni. Yau na rubuta sunana a juye a takardar malam."

"Ka mai da hankali ka yi karatu, Bahago."

"Ina yi. Ki tambayi Farfesa, shi ke duba ni."

Wata safiya, tana shanya kayan yaro, wani saƙon ya shigo.

"Ina son ki, ina son Farfesa. Ba ke sannan shi ba, ku biyun tare. Ki ba ni dama in zo ta ƙofa, na gaji da gilashi."

Ta zauna a bakin gado, rigar yaron na ɗiga a cinyarta. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Daga ƙarshe ta aika: "Ni ma. Amma ka fara faɗa wa Ummanka."

A gwajin da ya biyo baya, wani ne a teburin gilashi. Bahago na can ƙarshen ɗaki kusa da shugabar aji, 'yar ƙanwar Ummansa, wadda dangi suka daɗe suna tsokanarsu da juna. Da aka tashi shugabar ajin ta leƙo ɗakin gilashi, ta tsaya a ƙarƙashin fanka.

"Ke kam kin huta, ana shan wari kina shan iska." Ta kalli ɗan gadon. "Umma ta ce ɗanta ba zai fara aure da renon ɗan wani ba. Shi ma kin ga ya ja jiki. Na ce gara in faɗa miki, kada ki yi ta jira."

"Na gode," in ji Maman Farfesa.

Ta aika wa Bahago: "Na gode da rubutun. Ka bi maganar Umma." Ta toshe lambarsa. Daga nan ta juya kujerarta ta ba gilashin baya, don ba za ta iya kallonsa daga nesa ba. Takan zo kafin kowa, ta fita kafin a tashi. Littafinta ya tsaya a shafi ɗaya, jarrabawa na matsowa. Farfesa kaɗai ke leƙe ta saman kafaɗarta yana ɓaɓɓaka dariya, ita kuwa ba ta waiwaya ta ga abin da yake wa dariya.

Ana cikin haka wata dattijuwa ta turo ƙofa da sallama, sanye da tabarau, jaka a hammata.

"Ke ce Maman Farfesa?"

"Ni ce, Mama."

"Na zo ne in ga abin da ya hana ɗana cin abinci."

Ta gane Umman Bahago ce. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ba ta kujerar. Umma ta zauna tana ƙare wa ɗakin kallo, fankar, ɗan gadon, matacciyar sifikar.

"A nan kike wuni? Ba kya jin komai?"

"Ba na ji, Umma. Gani nake yi."

"Wa ke kama miki shi?"

"Ni da Allah."

Umma ta gyara tabarau, ta ƙura wa bayanta ido.

"To ai ganin ma kin daina. Juya."

Ta juya. Gilashin cike yake da rubutu tun daga sama har ƙasa, darasin yau gaba ɗaya. Bahago na tsugune a kusurwa yana ƙarasa layin ƙarshe, ya baro teburinsa da shugabar aji, bai ma lura da baƙuwar ba.

Layin na cewa: "Ba ni na canza wuri ba. Kullum ina rubutawa, Farfesa shaida ne."

Ya ɗago, suka haɗa ido da mahaifiyarsa. Makar ta suɓuce masa.

"Yaron nan," in ji Umma a hankali, "da kuka na koya masa riƙe fensir. Malamai sun doki hannun nan har suka gaji, ko sunansa ba ya son rubutawa. Yau shi ne da wannan?"

Farfesa ya miƙa hannu ya fizge mata tabarau. Ta kama ɗan hannun, ba ta saki ba.

"Da cikin ɗan nan nawa na bar makaranta," ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba. "Lokacinmu ko wannan ɗakin babu." Ta ɗauki yaron ta ɗora a cinya. "Kai, miji, ba ni idona. 'Yata, buɗe masa lambar nan, ya ishe ni da safa da marwa. Ki kuma sanar da mahaifinki kawunnansa na tafe. Allah Ya yi muku albarka, Ya raya mana wannan ɗan rigimar."

Maman Farfesa ta so ta ce amin, hawaye suka riga ta.

Shugabar aji ta yi fushinta ta gama. Da hutu ya zo aka ɗaura aure, saƙon farko da ya shigo wa Maman Farfesa kuma shi ne: "Amaryata, yau na shigo ta ƙofa."

Ranar da aka koma gwaji, tana shiga ɗakin gilashi ta tarar da Umma a kan kujera, ta riga ta, zanin goyo a kafaɗa.

"Ba ni shi. Je ki taɓa kwalaben nan da hannunki."

Ta sa farar rigar da ta daɗe a ninke. Tana tura ƙofar ɗakin gwaji hayaniya ta rufe ta, ƙarar kwalabe, muryar malam, wata na ihun "Ga Maman Farfesa a ciki!" Bahago ya matsa mata wuri. A kusurwar gilashin akwai ɗan rubutun da ya yi tun safe, ta tsaya tana kallo, ta kasa karanta ko harafi ɗaya.

"Haka kake ganinsa duk lokacin nan?"

"Haka. Ni ban taɓa karanta abin da na rubuta miki ba, Ta-gilashi. Fuskarki nake dubawa in san ko na yi daidai."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta karɓi kwalbar daga hannunsa mai tawada. Da ta ɗago ta dubi ɗan ɗakin, Umma ta riga ta goya Farfesa. Ta kashe fankar, ta tura kujerar jikin bango, ta ja ƙofa a hankali ta fita.