Ranar Da Baba Ya Rera Sunansa

"Umma, don Allah ki saurare ni..."

"Khalas, ya isa, Haulat! Na ce ya ajiye makullin motar nan ya fita."

Haulat ta tsaya a tsakiyar falo. Garzali, direban gidansu, yana durƙushe a bakin ƙofa. Bidiyon da ke wayar Umma sai maimaita kansa yake: Baba a kujerar gaba, kiɗan disko na tashi, Garzali na kaɗa kai.

"Bawan Allah wata takwas da shanyewar ɓarin jiki, ko sunana ba ya iya furtawa, shi kake kunna wa kiɗan Turawa maimakon karatu? Kuma ka ce kana son 'yarsa!"

"Hajiya, ki yi haƙuri, shi ne..."

"Yalla, fita!"

Ba sai an faɗa wa Haulat wanda ya turo bidiyon ba. Dakta Muttaka ne, ɗan ƙawar Umma, wanda ya shekara biyu yana zarya gidan da turare da dabino, ita kuwa ko kallon arziki ba ta taɓa yi masa ba. Likita guda, ya laɓe a wurin ajiye motocin asibiti yana ɗaukar direba a waya. Wannan abin kunya da me ya yi kama?

Bayan la'asar ta kira Garzali. Yana ɗakin da suke haya su huɗu a unguwar Al Muntazah, nan ƙasar Larabawa da suke zaune.

"Me ya sa ka ɓoye min?"

"Ba ni na ɓoye ba, zuciyata. Baba ne."

Ya ba ta labari. Wata rana cunkoso ya tare su a unguwar West Bay, dab da ginin da Baba ya yi shekara ashirin da biyu yana aikin injiniya. Rediyo ta sako wata tsohuwar waƙa. Sai kawai Garzali ya ji muryar Baba a gefensa, a shaƙe, tana bin waƙar kalma bayan kalma.

"Wallahi saura kaɗan in bugi motar gabana. Na faɗa wa mai koya masa magana a asibiti, ta ce hakan na faruwa. Wanda ya kasa magana wani lokaci yana iya rerawa. Ta ce mu riƙa ɗora kalmomi a kan sautin. Har ya iya cewa ruwa. Ya iya cewa Haulat."

"Sunana?"

"Sunanki. Amma da mun shigo unguwarku, Al Gharrafa, sai ya ɗora yatsa a leɓe. Kunya yake ji. Dattijo da furfura, a ce disko."

Haulat ta kife fuska a cinya ta yi kuka mai isarta. Tana son mutumin nan, kuma yau ta ƙara gane dalili.

Kwana goma Baba ya juya wa kowa baya, abinci sai an yi da gaske. A kwana na goma sha ɗaya ƙaninsa, Baffa Dikko, ya sauka daga Kano. Umma ce ta kira shi. Tunda uba ya kasa magana, Baffa ne zai tsaya waliyyi ya amsa wa dangin Muttaka da ke neman auren Haulat.

Aka zauna a falo, Baba a kekensa yana kallon bango.

"Haulat, kina da ta cewa?" Baffa ya tambaya.

"Baffa, ni ba ni da ita. Amma Baba yana da ita."

Ta durƙusa gaban keken, ta kunna waƙar a wayarta.

"Ke! Ba ki da hankali ne?" Umma ta miƙe.

"Dakata, Habiba." Baffa ya ɗaga hannu, ya karkata kunne. "Ikon Allah... Mawaƙan nan na Yaya ke nan! Su biyar, da wandunansu masu faɗin ƙafa. Da ya dawo karatu daga Ingila rabin akwatinsa faifansu ne. Ya ce mana sati-sati suke yi babu wanda ya kamo su a ciniki. Duk samarin Fagge a ɗakinsa suke yini. Shekara arba'in da ɗoriya, jiya kuma na ji jikata na bin waƙar nan a waya, ba ta ma san kakanta ya riga ta ba."

Ƙafar Baba mai lafiya ta fara taɓa ƙasa a hankali.

Haulat ta riƙe hannunsa. "Baba, wa ka ba ni?"

Bakinsa ya yi ta motsi ba sauti. Sai da amshin ya zagayo ya hau kansa, muryar na karkarwa.

"Gar... za... li. Na... ba... shi."



Umma ta zube a gabansa. "Alhaji? Alhaji, kai ne?"

Ya dube ta ya daɗe, hawaye na bin gemunsa, sannan ya rera.

"Ha... bi... ba."

Kukan da Umma ta yi ranar, ko ranar da ya faɗi ba ta yi irinsa ba. Baffa ya share ido da gefen babbar riga.

"To, waliyyi ya yi magana. Ni ɗan aike ne."

Bayan sati uku aka ɗaura aure. Muttaka ya aiko da uzuri, wai yana da aiki.

Ranar Lahadin da ta biyo baya, Garzali ya ɗauki Baba zuwa asibiti, amaryarsa da Umma a baya. Haulat na satar kallon mijinta ta madubi, shi ma yana ramawa.

Can Umma ta gyara mayafi, ta yi gyaran murya.

"Garzali."

"Na'am, Umma."

"Kunna masa mana. Amma in mun zo wajen masallaci ka rage."